Babi na Shida: Noman Ƙamshi a Ƙasar Danko

Idan aka ce wa manomi a Danko ya lissafa abin da ƙasarsu ke bayarwa, da dawa zai fara, ya bi da masara da gero da shinkafa, ya ƙare da wake da gyaɗa da waken suya. Ba zai ambaci ɗaɗɗoya ba, ko da kuwa tana tsaye a bayan madafin gidansa, ko da ita aka ƙamsasa farfesun da ya sha jiya da dare. Hausawa sun ce an tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani kullum. A ƙasar Zuru, inda al'adar golmo ta sa saurayi ya shekara da shekaru yana noma gonar surukai kafin a ba shi mata, inda kuma bikin Uhola yake zuwa bayan an kai amfani gida, martabar noma tana ga hatsi ne da ƙarfin damtse. Ba a taɓa auna ƙwazon ɗan golmo da ganyen miya ba. Duk da haka ina ganin ɗaɗɗoya ta cancanci a noma ta da gangan, ba a bar ta ga sa'ar tsuntsu da ruwan wanke-wanke ba. Hujjata ɗaya ce, kuma daga cikinta ne sauran maganar za ta fito: abin da ake girba a jikin ɗaɗɗoya ba ganye ba ne, ƙamshi ne. Wanda ya san inda ƙamshin nan yake samuwa da yadda yake tserewa ya san yadda ake shuka ta da yanka ta da shanya ta, ya kuma san inda amfaninta ya tsaya, wanda shi ne abin da masu yabonta suka fi jahilta.

Sai dai kafin a yi nisa, sunan kansa yana bukatar tsefewa, domin ba tsiro ɗaya ake kira da shi ba. Akwai babbar ɗaɗɗoya mai faɗin ganye da ɗan gashi-gashi, wadda takan yi itace a gindi, ta kai tsayin mutum, ta yi shekaru ba ta mutu ba. Masana tsirrai suna ce mata Ocimum gratissimum, Yarbawa na kiranta efinrin, Ibo kuma nchanwu, kuma ita ce ta farfesu. Akwai mai laushin ganye da santsi, Ocimum basilicum, wadda ke rayuwar damina ɗaya ta yi iri ta bushe. Ita Turawa suka fi sani, sunanta ma daga kalmar Girkanci yake mai nufin abin sarki, kuma Larabawan yau raihan suke ce mata, kalmar da mai karatun Alƙur'ani ya saba da ita a Suratur Rahman da Waƙi'a. Akwai ƙarama mai ƙananan ganye da kaifin ƙamshi, mai fitowa a saura da gefen hanya. Dukkansu 'yan gida ɗaya ne da na'ana'a, gidan da ke da nau'i wajen 7,000 a duniya, kuma alamar gidan ba ta ɓuya: a murza karan tsakanin yatsu a ji yana da kusurwa huɗu, a duba ganyen a ga suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, a kalli furen a ga kamar ƙaramin baki mai leɓe biyu. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne rizga da tumuku 'yan wannan gida ne, haka ma ɗinya bisa rabon da masana suke bi yanzu. Wato gidan ba baƙo ba ne a akushin Bahaushe, ɗaɗɗoya ce kawai ba a ba ta kunya a gona ba.

A fatar ganyen ɗaɗɗoya, musamman ta ƙasa, akwai wasu 'yan ƙananan ƙulluna da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Kowane ƙulli jaka ce cike da mai, mai saurin tashi a iska. Shi ya sa wanda ya tsaya kusa da shukar bai taɓa ta ba yakan ji ƙamshi kaɗan, amma da akuya ta gifta ta goge ta, ko yaro ya murza ganye ɗaya, sai tsakar gida ta ɗauka: jakunkunan ne suka fashe. Tsiron bai yi wannan mai don hancinmu ba. Makaminsa ne da yake kare kansa daga ƙwari da dabbobi da wasu cututtuka, mu ne muka ɗauki makamin muka mai da shi kayan miya, kamar yadda muka yi da zafin barkono. A cikin man akwai sinadarai da mun riga mun san su ta wata ƙofa. Akwai yujinol, wanda shi ne ƙamshin kanumfari, kuma likitocin haƙori sun daɗe suna aiki da shi. Akwai taimol, wanda ke cikin wasu ruwan kurkure baki na kanti. Akwai mai kama da kafur. Abin lura shi ne babbar ɗaɗɗoya kanta iri-iri ce a ciki: wata yujinol ya fi yawa a jikinta, wata taimol, alhali a ido kusan ba su da bambanci. Saboda haka idan uwargida ta ce ɗaɗɗoyar gidan wance ta fi ta gidansu daɗi a miya, ba son zuciya ba ne. Hancinta ya auna abin da sai da na'ura ake tabbatarwa a ɗakin bincike.

Daga nan ƙa'idojin noman suke fitowa da kansu. Mai yana taruwa ne idan ganye ya sha rana, don haka gindin mangwaro da inuwar rumbu ba wurinta ba ne. Za ta yi kore shar a can, ta miƙe da dogon wuya, amma ƙamshinta zai yi laushi. Tana son ruwa, ba ta son kwanciyar ruwa, kuma wannan ya fi zama abin kula a nan fiye da Sakkwato ko Argungu, domin kudancin Kebbi yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, yawancinsa tsakanin Mayu da Oktoba, kuma a watan Agusta ƙasa mai laka takan jiƙe har saiwa ta ruɓe. Maganin abin manomin dawa ya riga ya san shi: a ɗaga kunya. Ƙasa mai tsakuwa irin ta gindin duwatsun ƙasar Zuru, wadda masara ke yi wa tsiya, ta ishe ta muddin an zuba ruɓaɓɓen kashin awaki. Takin zamani mai yawa yakan ba da manyan ganye masu ruwa, abin sha'awa a ido, amma ba nauyi ake nema ba. Irin kuwa ƙanana ne ƙwarai, giram ɗaya na ɗauke da ƙwaya fiye da 500, saboda haka ba a binne shi kamar wake. Ana gauraya shi da yashi ne a yayyafa a gadon reno ko fasasshen kasko, a rufe da ƙasa sama-sama, ya tsiro cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. In ya yi ganye huɗu ko shida sai a dasa da yamma, a bar taku guda tsakanin masu laushin ganye, babbar kuwa a ba ta ninki biyu ko uku na haka. Akwai ma hanyar da ta fi wannan sauƙi: a yanko reshe mai tsawon tafin hannu wanda bai yi fure ba, a zage ganyen ƙasa, a tsoma a kwalbar ruwa. Kafin mako biyu ya fitar da saiwa.

Inda gwaninta take shi ne wajen yanka, kuma a nan ne mafi yawan masu ɗaɗɗoya a gida suke asara ba su sani ba. Abin da aka saba shi ne a aiki yarinya ta tsinko ganye, ita kuma ta bi manyan na ƙasa ta zage, ta bar kan shukar yana ta miƙewa. Bayan 'yan makonni sai a ga sanda ɗaya tsirara da zangarniyar fure a samanta. Tsiron da ya yi fure ya ɗauki iri ya gama abin da ya zo yi duniya. Ƙarfinsa ya koma ga 'ya'ya, sabon ganye ya ragu, wanda ya rage ya yi tauri da ɗaci, mai rayuwar damina ɗaya kuwa daga nan sai bushewa. To amma a tuna da ganyen nan da suke fitowa biyu-biyu. A hammatar kowane ganye akwai ido a kwance, yana barci muddin kan reshen yana girma. Idan aka datse kan daidai saman gaɓa, idanu biyun nan sai su farka su zama rassa biyu. A datse waɗannan bayan mako biyu ko uku, su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Shukar da aka fara yi wa haka tun tana da tsawon kamu ɗaya takan zama dunƙulallen kurmi, ta ba da ganye wata da watanni, alhali 'yar'uwarta da aka tausaya wa aka ƙi yankewa ta daɗe da zama kara. Wato a nan wuƙa ce taki. Sai dai kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na jikinta a yanka guda, kuma kada a gangara zuwa tsohon itacen da ba shi da ganye, domin mai laushin nan ba kasafai take tohowa daga can ba.

Wannan ba yana nufin fure abokin gaba ba ne. Lokacin da zangarniya ta fara leƙowa, kafin furen ya buɗe sosai, shi ne lokacin da mai ya fi cika a jikin tsiron, don haka wanda zai shanya don ajiya a wannan gaɓar ya kamata ya yi babban girbinsa, da hantsi bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta take. Kuma dole a ware tushe biyu ko uku a bar su su yi fure son ransu, saboda iri, saboda kuma ƙudan zuma, wanda ke son furen ɗaɗɗoya ƙwarai. Shanya ita ce ƙofa ta ƙarshe da ƙamshi ke bi ya gudu. Mun saba baza kuɓewa da barkono da tumatir a kan dutse ko rufin kwano, kuma su ba su damu ba. Ɗaɗɗoya kuwa in aka yi mata haka, zafin da ke busar da ita shi ne ke kwashe man, a wayi gari da baƙin ganye mai warin ciyawa. A ɗaure ta ƙananan dammuna a rataye a rumfa ko zaure inda iska ke ratsawa, iskar hunturu ta gama aikin cikin 'yan kwanaki. A ajiye ganyen yadda yake a kwalba mai murfi, kada a daka sai ranar da za a zuba a tukunya, tunda dakan shi ne fasa jakunkunan. Akwai kuma wani abin dariya a nan: ɗanyen ganyen mai laushi ba ya jure sanyin da ya gaza digiri 10, a firji baƙi yake yi. Matar ƙauyen da ba ta da lantarki, wadda ta tsoma rassan a kofin ruwa ta ajiye a inuwa, ta fi matar birni adana shi daidai.

Mai musu na farko zai ce: abin da ke fitowa da kansa, me ya kai mutum wahalar noma shi? Amsa ita ce abin da ke fitowa da kansa ba lallai ne ya zama abin da ake so ba. Ciyawar nan mai ƙarfin wari da ke cika gefen hanya da makiyaya bayan damina, wadda wasu ke kira ɗaɗɗoyar daji, masana kuma Hyptis suaveolens, asalinta daga nahiyar Amurka take. Dabbobi ba sa cin ta, tana kuma danne ciyawar da suke ci, kuma ba ta miya ba ce. Ko a tsakanin na gida ma, ƙudan zuma yana ɗaukar garin fure daga wannan tushe ya kai wancan, don haka abin da ya zubo ya tsiro bana ba dole ne ya gaji ƙamshin uwarsa ba. Manomin da ba zai yarda ya shuka dawar da ya tsinta a hanya ba, wanda tun a gona yake zaɓen zangarniyar iri ya rataye ta daban, ya san wannan magana sarai. Bambancin kawai shi ne a dawa ido ke zaɓe, a ɗaɗɗoya hanci. Kuma a nan dashen reshe ya fi iri, domin reshe ba ya canza hali: abin da uwar take, shi 'yar za ta zama. Tushe ɗaya mai kyau a unguwa zai iya wadatar da gidaje hamsin a damina guda ba tare da an kashe ko sisi ba.

Musu na biyu ya fi nauyi, kuma bai kamata a amsa shi da wasa ba. Ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, mai hedikwata a Ribah, tana iyaka da Zamfara, kuma tana cikin wuraren da 'yan bindiga suka fi addaba a jihar Kebbi. A watan Yunin 2021 'yan sanda sun tabbatar da kashe mutum 88 a wasu ƙauyukanta a hari guda, kuma ba a nan abin ya tsaya ba. Mutanen da suka bar gonakinsu na nesa, wasu ma suka bar garuruwansu, hatsi suke nema, ba ƙamshi ba. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce ɗaɗɗoya za ta cike gurbin buhun dawa ya yi wa yunwa izgili. Amma a juya maganar a duba ta ɗaya gefen. Idan gonar nesa ta zama wurin sayar da rai, ƙasar da ta rage a hannun mutum ita ce wadda ke cikin danga da bayan gari, kuma ba ta da yawa. Tambayar da ta dace ita ce: a taku goma na ƙasa, me zai fi ba da amfani? Dawar taku goma ba ta cika mudu biyu. Ganyen taku goma, ɗaɗɗoya da alayyafo da rama da yakuwa, yana ba da abin miya kullum da ɗan abin kai wa kasuwa kowane mako, ba sau ɗaya a shekara ba. Ba ya bukatar shanun huɗa ko buhun taki ko ɗan ƙwadago, tsohuwa da mai jego da wanda ya yi gudun hijira ya sauka a gidan dangi duk za su iya. Ba a kora shi a gudu da shi kamar garke, ba a ƙona shi kamar rumbu. Wannan ba maganin matsalar tsaro ba ne, amma ba ƙawa ba ce.

Batun ruwan rani ba shi da tsawo. Babbar ɗaɗɗoya in ta kafu takan zubar da ganye ta jira damina, kuma tushe biyar ko shida ruwan alwala da na ɗaurayar hatsi ya ishe su, muddin ba mai sabulu da yawa ba ne. Kaji da awaki sun fi fari barazana ga ƙaramin dashe, maganinsu kuwa ƙaya ce ko tsohon kwando.

Yanzu sai masu musu ta ɗaya ɓangaren, waɗanda a ganina sun fi masu raini haɗari, wato masu cewa ɗaɗɗoya tana korar sauro don haka ta isa kariya. Maganar tana da tushe. Ba banza ba ne Hausawa suka laƙaba wa wata daga cikin dangin nan sarakuwar sauro, wato wadda sauro ke jin nauyinta ya kauce, kuma sunan da Ibo suka ba babbar ɗaɗɗoya ma ma'anarsa mai korar sauro. An kuma gwada abin. A cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Mbita, a gaɓar Tafkin Biktoriya a Kenya, an jera tukwanen ƙaramar ɗaɗɗoya a jikin ɗakunan gwaji da mutane ke kwana ciki, aka ƙirga sauron da ya shiga. Sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna raguwar kusan kashi 40 cikin 100. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga shukar da ba a saya ba. Amma a karanta shi daga ƙarshe: cikin sauro goma, shida sun shiga. Dalilin kuwa shi ne dai halin man nan na saurin tashi. Ganyen da aka murza ko aka ɗora a garwashi da magariba yana aiki na ɗan lokaci ne, sauron da ke ɗauke da zazzaɓi kuwa ya fi cizo ne can tsakar dare, lokacin da hayaƙi ya lafa kowa ya yi barci. Abin da ya sa ɗaɗɗoya ta zama mai daɗi a hanci shi ne ya hana ta zama mai gadi har asuba.

A wata jihar wannan zai iya zama gardamar malamai. A Kebbi magana ce ta rai da mutuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin kashi 52 cikin 100 na ƙananan yaran jihar da aka gwada, mafi yawa a duk Nijeriya, a lokacin da Legas ke da kashi 2. Binciken 2021 ya samu kashi 49, a nan ma Kebbi ce a gaba. Shi ya sa da aka fara ba yara allurar rigakafin zazzaɓin a watan Disambar 2024, Kebbi da Bayelsa aka fara da su. A irin wannan wuri, duk maganar da za ta sa uwa ta naɗe gidan sauro don ta shuka ɗaɗɗoya a bakin taga, ko ta tsaya dafa ganye kwana uku yaro na zafin jiki ba a kai shi an gwada jininsa ba, magana ce mai kisa komai daɗinta. Wurin ɗaɗɗoya shi ne tsakar gida da magariba, lokacin hira da cin tuwo, kafin a shiga gidan sauro. Can ta rage cizo, kuma ragi ragi ne. Haka batun magani yake gaba ɗaya. Shayinta da suracenta suna sanyaya mura da kumburin ciki, kuma man yana kashe wasu ƙwayoyin cuta a faranti a ɗakin bincike. Amma faranti ba cikin mutum ba ne, ɓeran gwaji kuma ba majinyaci ba ne. Masu tallar da ke jera mata ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa a lasifika sun yi wa shaidar da ke hannu nisa, kuma tataccen man, wanda ya ninka ganyen ƙarfi sau ɗari, ba abin ɗura wa jariri ko mai ciki ba ne.

Rumbu ma haka. Manoman Afirka ta Yamma sun daɗe suna shimfiɗa ganyaye masu ƙamshi na wannan gida tsakanin wake don ƙwaro, kuma wani bincike da aka yi da ɗaɗɗoyar ƙasar Gini, aka buga a 2001, ya nuna man babbar ɗaɗɗoya da na mai laushin ganye yana kashe ƙwaron wake a rufaffen mazubi. Kalmar da za a riƙe ita ce rufaffe. A buhun da iska ke ratsawa ƙamshin yakan tsere cikin makonni, ƙwan da ke manne a jikin wake kuma ya ƙyanƙyashe ya ci gaba da ɓarna. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a yankinmu daga 2007, ya fi ganye aiki nesa ba kusa ba, domin shi iska yake hana ƙwaron. Amma in aka kwatanta ganyen da abin da wasu suke yi a zahiri, wato yayyafa fiya-fiya a kan abin da mutane za su ci, sai darajarsa ta fito. Irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Turawa sun iya rufe ƙofarsu, mu kuwa da ke cin waken ba mu da ƙofar rufewa. Ga ɗan waken da za a ci cikin wata ɗaya ko biyu, ko irin shuka da aka zuba a tulu aka liƙe bakinsa, busasshiyar ɗaɗɗoya da toka dabara ce mai hankali.

Saura masu mafarkin fitar da mai zuwa ƙasashen waje. Gaskiya ne akwai kasuwar, Masar da Indiya suna cin moriyarta, kuma mutanen Jenowa a Italiya sun mai da ɗaɗɗoyarsu abin alfahari har doka na kare sunanta. Gaskiya ne kuma zoborodo, wanda dā shukar gefen gona ce, yau daga Jigawa da Kano ake loda shi zuwa Meziko. Amma lissafin mai ba shi da tausayi. Da wuya ya wuce kashi 1 cikin 100 na nauyin ɗanyen ganye, a mai laushin ma bai kai haka ba. Wato kilo 100 na ganye, in an yi sa'a, kilo ɗaya na mai, bayan an sayi tukunyar tatsa, an ƙona itace mai yawa, a ƙasar da itacen ke ƙarewa. Mai saye kuma zai tambayi wane sinadari ne ya fi yawa a ciki, ya bukaci gangar bana ta zama daidai da ta bara, abin da ba zai yiwu ba sai an tace iri ɗaya an riƙe shi. Kasuwar da ke kusa ta fi wannan tabbas: masu farfesu da masu shayi da gidajen abinci a Zuru da Ribah da Yawuri da Kontagora, da mutanen kudu mazauna garuruwan nan waɗanda miyarsu ba ta cika sai da wannan ganye, da kuma rani, lokacin da ɗanyen ya yi wuya busasshe mai kyau ya yi daraja. Hanyar da zogale ya bi ke nan, daga danga zuwa faranti a bakin kasuwa, tun kafin a fara zuba garinsa a gwangwani.

Aikin da ya rage na masu ilimi ne, kuma ba nisa za a je neman su ba. Kwalejin aikin gona ta Zuru ta zama Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020. Ɗalibi ɗaya mai babur zai iya zaga masarautun Danko da Wasagu da Dabai da Fakai da Sakaba ya karɓo reshe daga gidajen da aka san ɗaɗɗoyarsu da ƙamshi, ya rubuta sunan da Lelna da Kambari da Fakkawa da Hausawa suke kiran kowace da abin da suke yi da ita, a dasa su jere a fili guda, a ga wadda ta fi jure rani, wadda ta fi jinkirin fure, wadda taimol ya rinjaya da wadda yujinol. Jinkirin fure shi ne halin da ya fi cancantar a bi, tunda kowane mako da aka ƙara kafin zangarniya ta fito ƙarin yanka ne. Mai gida ma zai iya fara wannan zaɓen ba tare da jiran kowa ba, in ya ƙi ɗibar iri daga tushen da ya riga sauran yin fure, wanda shi ne hannu ke saurin kaiwa gare shi. Ya jira na ƙarshe, ya bar zangarniyar ta yi ruwan ƙasa a jikin uwar, ya yanke ta da safe kafin ta fara zuba, ya murje a ƙwarya, ya sheƙe a hankali don irin ba shi da nauyi, ya zuba a busasshiyar kwalba ya toshe, ya ajiye nesa da murhu har ruwan Mayu ya sauka.